Yadda Ake Dashen Tsiron Ruwa a Cikin Tankin Kifi

Wanda ya taɓa zuwa fadamar Dadin Kowa lokacin dashen shinkafa ya san abin da dashe ke yi wa shuka. A ciro iri daga bedi yana kore shar, a kafa shi a sabon wuri, kwana biyu uku ka gan shi ya langaɓe kamar ba zai yi ba, sai daga baya ya kama ƙasa ya miƙe. Tsiron da ke cikin tankin kifi ma haka yake. Sai dai manomi yana da faɗin gona da ruwa mai gudu, kai kuwa akwatin gilashi ne a gabanka, duk dattin da ka tayar a ciki nan zai zauna, kuma kifinka ne zai shaƙe shi.

Na daɗe ina ajiye kifi a ɗakina a nan Gombe, kuma dashen farko da na yi har yau yana raina. Wani tsiro ne mai faɗin ganye da ake kira takobin Amazon, aka aiko min da shi daga Legas bai wuce tsawon yatsa ba, na dasa shi a gaba. Bayan wata takwas ya tokare gilashin, ba a ganin komai sai ganyensa. Wata rana da la'asar na zura hannu na kama gindinsa na fizgo. Ashe saiwarsa ta ratsa kusan rabin tankin. Yashi ya ɗago kamar an yaye tabarma, ruwa ya dagule, wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Ina cikin haka aka ɗauke wuta. Da asuba na tarar da kifi huɗu sun mutu, sauran suna haki a saman ruwa. Tsiron ya rayu, kifin ne suka tafi. Tun daga ranar nake bin hanyar da zan bayyana maka.

Kayan aiki

Ka tara su duka a kusa da kai kafin ka jiƙa hannu, domin da zarar tsiro ya fito daga yashi ba lokacin neman almakashi ba ne.

- Bokiti biyu waɗanda sabulu ko omo bai taɓa shiga ba. Ɗaya na sabon ruwa, ɗaya na ruwan da za ka zubar. In da hali ka sayi sababbi ka keɓe su don tanki kawai, ka kuma gaya wa mutanen gida.
- Roba mai faɗi ko tire mai ɗan zurfi, inda za ka kwantar da tsiron cikin ruwa.
- Siririn tiyo mai kamar mita biyu. Wanda magina ke auna lebur da shi, mai nuna abin da ke ciki, ya isa, kuma ana samunsa a shagon kayan gini.
- Almakashi mai kaifi marar tsatsa, ko sabuwar reza.
- Dogon hantsaki. In babu, yatsunka za su yi wa manyan tsirrai, ƙanana kuma ka haɗa tsinken tsire biyu ka riƙe su da shi.
- Tsohon katin banki, ko wuƙar tebur marar kaifi, don yanka saiwa a cikin yashi.
- Zaren ɗinki baƙi ko kore, ko sufa-gulu mai kauri.
- Ƙananan duwatsu uku ko huɗu, wankakku.
- Ƙwayar takin da aka yi musamman don tankin kifi.
- Tawul ko tsumma mai tsabta.

Maganar taki tana buƙatar jan kunne. Kada ka kuskura ka sa takin gona, ko yuriya ko NPK, komai ƙanƙantarsa. Yuriya na rikiɗa ta zama amoniya a cikin ruwa, ita kuwa amoniya guba ce mai ƙona kumatun da kifi ke numfashi da su. In ba ka sami ƙwayar taki ba, samo jan yumɓu daga wurin da ba a feshin magani, ba kuma a zubar da shara, ka mulmula shi kamar girman gurjiya, ka shanya a inuwa ya bushe sosai. Yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da masu faɗin ganye ke so, kuma ba ya narkewa farat ɗaya.

Duwatsun ma ka gwada su. Ɗiga wa kowanne ruwan khal. In ka ga yana kumfa, dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a yankin Ashaka don yin siminti, zai riƙa narkewa a hankali yana sauya maka ruwa. Ajiye shi gefe ka nemi wani.

1. Gane irin tsiron da za ka taɓa

Duk aikin a kan wannan ya rataya, domin ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Akwai masu ci ta saiwa, waɗanda ganyensu duka ke fitowa daga gindi ɗaya kamar latas. Takobin Amazon, wato Echinodorus, da Cryptocoryne da Vallisneria duk a nan suke. Su ne masu wahalar dashe, su ne kuma masu tayar da datti.

Akwai masu kwantaccen kara kamar citta, ganye na fita ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Anubias ke nan, wanda asalinsa daga bakin ƙoramun dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, sai kuma Microsorum da ake laƙaba wa sunan tsibirin Java. Waɗannan ba a binne su, a jikin dutse ko itace suke maƙalewa.

Sai masu miƙaƙƙen kara da ganye jere a jikinsa, irin su Hygrophila da Ludwigia da Rotala. Su ne mafi sauƙi, ko yanka su ka yi ka soka za su fitar da sabuwar saiwa.

2. Zaɓi wurin, ka kuma zaɓi ranar

Zauna a gaban tankin, a inda ka saba zama, ka ƙare masa kallo. Girman da tsiron zai yi nan da wata shida shi za ka auna, ba girmansa na yau ba. Takobin Amazon yana iya kai santimita 40 zuwa 50, don haka baya ko kusurwa ce mazauninsa. Vallisneria ma baya, ganyenta dogo ne kamar ciyawa, in ya kai sama sai ya kwanta ya yi inuwa. Cryptocoryne tsakiya ko gaba, yana jure ƙarancin haske. Anubias kuwa ka nema masa inuwa, domin girmansa a hankali yake, in haske ya yi masa yawa gansakuka za ta rufe ganyen kafin ya fitar da wani.

Soka tsinke a wurin ka ji zurfin yashin. Mai ci ta saiwa yana son aƙalla santimita 5 zuwa 7. In bai kai ba, ka ƙara wankakken yashi tun kafin ranar. Ka duba kuma kada wurin ya zama daidai bakin da filta, wato na'urar tace ruwan tanki, ke feso ruwa, don ƙarfin ruwan zai yi ta girgiza tsiron ya hana saiwa kamawa. Ni nakan ajiye ɗan dutse a wurin da na zaɓa in bar shi kwana biyu ina kallo. Sau da yawa sai in ga na matsar da dutsen, kuma matsar da dutse ba ya cutar da kowa. Tsiro kuwa duk dashe ɗaya yana mayar da shi baya da makonni.

Game da rana, ka yi aikin da safe, lokacin da kake da wuni guda na sa ido. Ka guji tsakiyar ranar watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kai wa ma'auni 40. Ruwa mai ɗumi iskar da ke cikinsa kaɗan ce, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa da zafi. Sannan ka zaɓi ranar da kake da tabbacin wuta, ko ta sola ko ta janareto, domin bayan dashe filta ce za ta kwashe abin da ya rage.

3. Shirin jajibiri

Tara sabon ruwa da ya kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na abin da tankin ke ci. In na famfo ne, irin wanda ake tacewa, akwai kulorin a cikinsa. Bar shi a buɗe ya kwana ya wuni, ko ka ɗiga masa maganin kashe kulorin da masu sayar da kayan kifi ke kawowa, wanda shi ya fi tabbas. In na rijiyar burtsatse ne ko na 'yan garuwa, shi ma ka bar shi ya kwana, kuma ka yi amfani da irin wanda tankin ya saba da shi. Ranar dashe ba ranar gwada sabon ruwa ba ce.

Shigo da bokitin cikin ɗakin da tankin yake, su kwana tare, zafinsu ya zo ɗaya. A lokacin hunturu wannan ba abin wasa ba ne. Ruwan da ya kwana a duro a tsakar gida cikin Disamba ko Janairu sanyi ne da shi ƙarara, in ka juye shi a kan kifi sai ka ga sun taƙure, bayan kwana biyu farin ƙurji ya feso musu.

Kada ka ba kifin abinci a safiyar ranar. Yunwar wuni ɗaya ba ta yi musu komai, kuma tana rage ƙazantar ruwa.

4. Kashe wuta, rage ruwa

Wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, ka cuɗa sosai. Basilin da man shafawa da turare da maganin sauro duk suna kashe kifi, kuma da hunturu kusan kowa hannunsa da mai.

Zare filta da hita daga soket. Hita in ta fito daga ruwa tana kunne fashewa take yi. Filta kuma in ka bar ta za ta watsa dattin da ka tayar ko'ina, ya sauka a kan ganyen sauran tsirrai. Bar fitila kawai don ka ga abin da kake yi, ka kuma kiyaye kada ruwa ya taɓa ta.

Zuƙe ruwa kaɗan da tiyo, kamar faɗin tafin hannu daga sama, don kada ya yi ambaliya in ka zura hannu. Daga wannan ruwan mai tsabta za ka cika robar da za ka kwantar da tsiron. Kifi a bar su a ciki, za su koma gefe da kansu, kama su da raga ya fi dashen firgita su. Sai fa in aikin babba ne, kamar za ka taɓa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasan tankin, to kwashe su ka sa a bokiti da ruwan tankin, ka rufe da tire don kada su yi tsalle.

5. Ciro tsiron

A nan ne ake yin ɓarna, don haka a nan zan daɗe.

Yashin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba cike yake da kashin kifi da ragowar abinci da matattun ganye da suka zama laka. Muddin yana kwance, abinci ne ga saiwa. In ya tashi, amoniya ce a ruwa. A inda yashin ya yi kauri ya danƙare iska ba ta shiga, wani lokaci har iska mai warin ƙwai takan taru a ciki. Dabarar duka ita ce ka fitar da tsiron ka bar lakar a inda take.

Fara da zagaye gindin da tiyo, ka zuƙe dattin da ke kwance a sama. Sannan ka ɗauki katin nan ka soka shi tsaye cikin yashi, nesa da gindin da kamar santimita 5, in tsiron babba ne 7 ko 8. Danna har ka ji ka taɓa ƙasa, ka zare, ka matsa gaba ka sake sokawa, har ka yi masa da'ira. Za ka riƙa jin saiwa na tsinkewa ƙas-ƙas a ƙarƙashin katin. Kada wannan ya tayar maka da hankali, saiwar da ta yi nisa ba za ta bi ka sabon wuri ba ko da ka ciro ta, ruɓewa za ta yi. In wuƙa kake amfani da ita, ka nisanci kusurwa, kada ka yanki gam ɗin da ya haɗa gilashin.

Yanzu shimfiɗa tafin hannunka na hagu a kan yashin, gindin tsiron ya fito ta tsakanin yatsu biyu. Wannan hannun shi ke danne yashi. Da hannun dama kama tsiron a can ƙasa, a wuyansa, inda ganye ya haɗu da saiwa. Kada ka kama ganye. Girgiza shi kaɗan hagu da dama, ka ɗaga kamar faɗin yatsa, ka tsaya. Ka bar ƙurar ta kwanta. Sake girgizawa, ka sake ɗagawa. Babban tsiro yakan ci min minti biyar ko fiye kafin ya fito, kuma ban taɓa nadamar wannan lokacin ba. In ka ji wata saiwa ta riƙe, kada ka ja, zura almakashi ka datse ta a cikin yashin.

In da wanda zai taimaka maka, ko ƙaninka ko ɗanka, ba shi bakin tiyo ya riƙe kusa da gindin, ruwa na zuba a bokiti. Duk baƙar ƙurar da ta taso sai ta bi tiyon ta fita tun ba ta bazu ba. In kai kaɗai ne, ɗaure bakin tiyon a jikin dutse ka ajiye shi a wurin.

Wanda ya shimfiɗa ƙasar noma a ƙasa ya rufe ta da yashi sai ya ninka hattara. Irin wannan tankin ba a ciro saiwa a cikinsa. Yanke ta a gajarce, santimita 2 ko 3 ƙasa da wuya, ka bar sauran, ka rufe ramin da sabon yashi nan take.

Vallisneria tana da nata hali. Yaɗo take yi a ƙarƙashin yashi, uwa ta miƙa igiya ta haifi 'ya, 'yar ma ta miƙa ta haifi wata. In ka ja ɗaya sai ka ga layi guda ya biyo ka. Laluba da yatsa ka nemo igiyar, ka yanke ta gaba da baya, sannan ka ciro wadda kake so. 'Yar da ta yi ganye uku ko huɗu ta isa zaman kanta.

Anubias da Microsorum in a jikin dutse suke, ɗauki dutsen gaba ɗaya ka kai inda kake so, shi ke nan aiki ya ƙare. In dole sai ka raba su, fito da dutsen waje ka zura reza a ƙarƙashin saiwar kana ɓamɓarewa a hankali, kada ka ji wa kwantaccen karan rauni.

Masu miƙaƙƙen kara kuwa ni ba na ma ciro su. Ina yanke kan, kamar santimita 10 zuwa 15, in dasa shi a sabon wuri. Tsohon gindin in ina so in bar shi ya yi sabon reshe, in ba na so in datse shi daidai da yashi.

6. Gyara saiwa da ganye

Da fitowarsa sai cikin roba. Ganyen tsiron ruwa ba shi da kaurin fata irin na tsiron tudu, in ka ajiye shi a fili, musamman da busasshiyar iskar hunturu ko ƙarƙashin fanka, cikin 'yan mintuna zai yi yaushi.

Kaɗa saiwar cikin ruwan, lakar ta fita, ka duba da kyau. Lafiyayyar saiwa fara ce, ko mai ɗan ja-ja, kuma da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, in ka matsa ta fashe, matacciya ce, cire ta. Sauran ka daidaita su da almakashi, ka bar santimita 3 zuwa 5. Na san hannu yana nauyi wajen yanke farar saiwa mai kyau, amma doguwar saiwa ba ta shiga rami a miƙe, nannaɗewa take yi ta karye ta ruɓe a ciki. Gajeriya kuwa nan da nan take fitar da sababbi.

Tunda ka rage saiwa, sai ka rage bakin da take ciyarwa. Cire tsofaffin ganyen waje, da masu rami, da waɗanda gansakuka ta kama, ka yanke su tun daga tushe. A babban takobin Amazon nakan cire kusan kashi ɗaya cikin uku. Ganyen tsakiya, ƙananan nan masu haske, kada ka taɓa su, daga nan yake girma.

In ka ga gindin ya rabu biyu ko uku, kowanne da saiwarsa, dama ce ta samu, raba su da reza ka sami ƙari. A Anubias kowane yanki ya kasance da ganye uku ko huɗu.

7. Dasa shi

Fara tura ƙwayar taki ɗaya, ko curin yumɓu biyu, can ƙasa kusa da gilashin gindi, ɗan nesa da inda saiwar za ta zauna da kamar faɗin yatsa biyu. In taki ya tsaya a sama ruwa zai ci, kuma gansakuka ce za ta amfana.

Tattara saiwar wuri ɗaya, ka riƙe bakinta da hantsaki ko da yatsu uku, ka nutsa ta cikin yashi a ɗan karkace, ka wuce zurfin da kake so kaɗan. Saki a hankali, ka zare hantsakin ta gefe, ba ta sama ba, don kada ya biyo ka. Sannan ka kama wuyan ka ɗan jawo shi sama har ya fito daidai fuskar yashi. Wannan ɗan jan shi ke miƙar da saiwar ta fuskanci ƙasa.

Kuskuren da na fi gani a tankunan mutane shi ne binne wuya. Mutum na tsoron kada tsiro ya taso, sai ya tura shi har rabin ganye. Bayan mako biyu gindin ya ruɓe, ganye na fita ɗaya-ɗaya. Ka duba ta gefen gilashi: farin wurin nan da ganye ke haɗuwa ya kamata ido ya gan shi, saiwa kaɗai ke ɓuya. In yana tasowa, jera duwatsun nan kewaye da gindin su danne yashin, ba tare da sun matse wuyan ba, bayan mako uku ka ɗauke su. Mai kifi masu tono, irin su jan kifin ado da dangin karfasa, sai ya sa duwatsu masu ɗan nauyi ya bar su a wurin.

Anubias da Microsorum a ɗora kwantaccen karan a kan dutse ko itace, a naɗa zare sau uku ko huɗu, daidai yadda ba zai motsa ba, ba tare da zaren ya nutse cikin naman ba. Kafin zaren auduga ya ruɓe saiwa ta kama. In gulu za ka sa, fito da dutsen waje, ka goge wurin da tsumma, ka ɗiga kaɗan, ka danna saiwar a kai kamar daƙiƙa 30. Zai yi fari in ya shiga ruwa, ba komai. Ka dai kiyaye kada ya taɓa bakin karan inda sabon ganye ke fitowa. In kana son ya zauna a ƙasa, saiwar za ta iya shiga yashi, amma karan ya zauna a sama.

Masu miƙaƙƙen kara ka zage ganyen ƙasa kamar santimita 3 ko 4, ka soka kowanne shi kaɗai, da tazarar yatsa biyu a tsakaninsu. In ka cusa su dami guda, na tsakiya ba sa samun haske, sai su ruɓe daga ƙasa.

8. Rufe rami, canja ruwa

Koma tsohon wurin. In ka ga ɓurɓushin tsohon taki ya fito, zuƙe shi. Ƙananan saiwoyin da suka rage ka bar su, za su zama taki. Share yashi ka cike ramin. In Cryptocoryne ka cire, kada ka yi mamaki in bayan wata biyu ka ga ɗan ganye ya ɓullo a wurin, guntun da ya rage ne ya farfaɗo.

Jira kamar minti 15 ƙura ta kwanta, ka bi ƙasan da tiyo sama-sama har ka fitar da ruwan da ka yi niyya. Wajen zuba sabo, ajiye faranti ko leda mai tsabta a kan yashi ka zuba a kansa a hankali, in ba haka ba ƙarfin ruwan zai tone abin da ka dasa. Sai ka mayar da filta da hita.

Kada ka wanke filta a ranar. A cikin soson da ke cikinta ne ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya suke zaune, kuma yau ne ka fi buƙatarsu. Bayan kwana uku, in ka ga ruwanta ya rage ƙarfi, matse soson a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin, ba a bakin famfo ba.

In aka ɗauke wuta bayan ka gama, ɗauki kofi ka riƙa ɗebo ruwan kana zubo shi daga sama, minti biyu ko uku, duk bayan rabin awa. Ƙaramin injin iska mai batir ya fi, kuma a garin nan ya cancanci kuɗinsa. In ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, ko kumatunsu sun yi ja, sake canja kashi 30 nan take, kada ka jira gobe.

Babban tsiro ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, shi ne aikin rana guda. In kana son sauya fasalin tankin duka, raba shi mako-mako.

9. Makonnin da ke biye

Rage hasken fitila zuwa awa 6 a rana na mako ɗaya ko biyu. Tsiron da aka dasa ba ya cin abinci sosai, abin da ya bari kuwa gansakuka ke samu. Rage abincin kifi, ka kuma canja kashi 20 zuwa 30 na ruwa bayan kwana biyu ko uku, sannan ka koma yadda ka saba.

Tsofaffin ganye za su yi rawaya, wasu su zama kamar leda. Yanke su tun ba su ruɓe a ruwa ba. Cryptocoryne ya fi kowa ban tsoro. Wani lokaci cikin kwana kaɗan duk ganyensa sai ya narke ya zama kamar kunu, ba abin da zai rage sai fili. Wani abokina a Pantami ya kira ni hankali tashe a kan haka, ya ce zai tone ya zubar. Na ce, "Malam, don Allah ka bar shi, zuƙe narkakken kawai, ka sa dutse a gefen don kada ka manta wurin." Bai cika wata ɗaya ba ya turo min hoton ganye biyu sun leƙo, jajaye, ba su kai farce ba. Gindin da ke cikin yashi yana nan da ransa, sabon ganyen da ya dace da sabon wurin yake shiryawa.

Abin da zai fi yi maka wuya shi ne kame hannunka. Za ka ga kamar ya ɗan karkace, ko da ka matsar da shi kaɗan da ya fi kyau. Karkata da kansa zai gyara ta, haske zai bi. Kada ka ja shi don ka ji ko ya kama, jan nan shi ke tsinke sababbin saiwoyi masu laushi kamar gashi. Ba shi mako huɗu cur.

In kusa da gilashi ka dasa shi, ɗauki tocila da dare ka haska yashin ta gefe, ko ta ƙasa in teburin ya ba da dama. Daga kwana 10 zuwa mako biyu za ka fara hango fararen zare suna ratsa yashi suna bin gilashin. Bayan su sai sabon ganye ya fito daga tsakiya, a naɗe, launinsa ya fi na sauran haske. Daga ranar da ka ga wannan ganyen za ka iya ƙara hasken fitila da rabin awa duk mako har ka kai awa 8, ƙwayar taki ta gaba kuma sai bayan wata biyu ko uku.